Kafintan da Ya Ƙi Kwanciya a Makararsa

Akwai wani kafinta a Zongon Lome, sunansa Abdulkuddus. In ka taɓa zama a kan kujerar da ya yi, ba sai an gaya maka ba, za ka san hannunsa. Aikinsa mai kyau ne, wannan ba zan tauye masa ba. Matsalarsa ita ce ya san da haka, kuma yana so kowa ya san ya sani.

A hannun wani tsoho ya koyi sana'a, Baba Garuba, wanda rumfarsa ke jingine da katangar masallacin unguwa. Shekara bakwai ya yi a rumfar nan. Daga nan ya tsallaka Gana, ya yi aiki a wani kamfanin kujeru, ya dawo da ƙiba, da agogo, da inji.

Injin nan shi ne kafintoci ke kira tur. Za ka ɗaure guntun katako a tsakanin haƙoransa biyu, ka kunna, ya riƙa juya shi da gudu, wuƙa tana bin wani samfuri na ƙarfe tana fere katakon daga kauri zuwa siriri. Ƙafar teburin da Baba Garuba zai yini yana sassaƙawa, tur zai fitar da ita kafin shayinka ya huce. Ka sa hamsin, hamsin za su fito kamarsu ɗaya.

Abu guda ne injin ba ya yi. Ba ya karɓar katakon da tsawonsa ya wuce mita ɗaya. Ku riƙe wannan.

Nan da nan aiki ya yi wa Abdulkuddus yawa. Masu shaguna daga Adawlato, masu sababbin gidaje daga Kakabeli, kowa sai ƙafar kujera irin ta tur. Shagonsa na kallon rumfar Baba Garuba ne, titi kawai ya raba su. Ya rage tsallaka titin nan ya gai da tsohon. In an yi maganarsa sai ya ce, ai Baba mutumin kirki ne, zamani ne kawai ya wuce shi. Ni kam na fi jin haushin irin wannan yabon fiye da zagi.

Ana nan sai makarar masallaci ta tsufa. Baba Garuba ne ya yi ta tun Abdulkuddus yana rarrafe, ta ɗauki rabin tsofaffin unguwa, har gara ta fara cin ƙasanta. Dattawan masallaci suka zauna da Liman Alassani, suka ce a yi sabuwa. Ba su tsallaka katanga sun nemi wanda ya yi ta farko ba. Suka ce a ba mai inji.

Abdulkuddus ya karɓa, ya ce fisabilillahi zai yi. Kafin la'asar kowa a unguwa ya ji cewa fisabilillahi zai yi.

Washegari da hantsi Baba Garuba ya tsallako titi. Ya yi sallama, ya tsaya yana kallon injin yana aiki, har da murmushi, don shi bai taɓa ƙin injin ba. Ya tambayi yadda za a yi hannuwan makarar, wato sandunan nan huɗu da masu ɗauka ke ɗorawa a kafaɗa.

Abdulkuddus ya ce abu mai sauƙi. Zai yi gadon makarar daban, ya fere hannuwa huɗu a tur, ya huda gadon ya soka su da gam. Ya nuna masa samfurin da zai bi, wanda yake fere ƙafafun manyan tebura da shi.

Tsohon ya girgiza kai. Ya ce makara ba a yi mata haɗi. Sanda biyu ake nema dogaye, kowacce ta tashi daga kafaɗar na gaba ta ƙare a kafaɗar na baya, itace ɗaya, sai a rage kaurin bakinta da hannu. Abdulkuddus ya ce sanda mai wannan tsawo ba za ta shiga tur ba.

"To kada ta shiga," in ji Baba Garuba. "Ƙafar tebur a tsaye take ɗaukar nauyi, Abdu. Hannun makara a kwance yake ɗauka. Ba aikinsu ɗaya ba."

Abdulkuddus ya yi dariya. Ya ce itacen tek ne fa, Baba, ko giwa ce zai ɗauka. Ya ce injinsa ba ya kuskuren ko milimita ɗaya. Tsohon bai ja maganar ba, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya koma rumfarsa.

Ranar da aka fere hannuwan, uku suka fito lafiya. Ana cikin na huɗu sai injin ya yi wata ƙara, kamar mutum ya ƙware da ruwa, sannan ya ci gaba. Abdulkuddus ya kashe ya duba. Wuƙa ta tono wani baƙin ƙulli a cikin katakon, wurin da reshe ya taɓa fitowa ya mutu tun itacen yana daji. Ƙullin kuwa bai tashi zama ko'ina ba sai a wuyan hannun, daidai inda kauri ya fara raguwa, inda duk nauyi zai taru.

Ya san abin da ya kamata ya yi. Shekara bakwai a rumfar Baba Garuba ba wasa ba ce. Sai dai guntun nan shi ne na ƙarshe a busasshen tek ɗin da yake da shi, ga shi ya riga ya cika baki cewa ranar Juma'a zai kai makara masallaci. Ya ƙwaƙule ƙullin, ya kwaɓa dusar katako da gam ya cike ramin, ya goge, ya shafe da man sheƙi har hawa uku. Ko shi da ya yi, sai ya karkata kai yake gane wurin.

Ya soka hannun a baya, ta hagu. Ya ce a ransa ai ƙafafu ne a can, ba nauyi.

Ranar Juma'a bayan an sauko, aka ajiye makara a harabar masallaci. Gaskiya ta yi kyau. Hannuwan nan huɗu sumul, da 'yan zobba da aka fere a bakinsu, rana tana dukansu suna walƙiya. Wani dattijo ya ce irin wannan ai sai ta sa mutum ya yi marmarin tafiya. Aka yi dariya, aka yi istigfari.

Baba Garuba ya matso. Ya zagaya ta sau ɗaya, yana auna ta da taƙin hannunsa, yana ƙwanƙwasa kowane hannu da bayan yatsa. Da ya zo na baya na hagu ya ƙwanƙwasa sau biyu. Sannan ya miƙe ya ce saura abu ɗaya.

Ya ce maigidan da ya koya masa aiki ya bar masa ƙa'ida, shi ma a kanta ya yi tsohuwar makarar. Wanda ya yi makara, shi ke fara kwanciya a cikinta. Mutum huɗu su ɗaga shi, su zaga da shi, su tsallake kwata da shi, sannan a miƙa ta ga liman.

Bakin Abdulkuddus bai mutu ba. Ya ce shi da ransa da lafiyarsa ba zai kwanta a makara ba, wannan ai jawo wa kai ne. Ya ce wannan al'adar mutanen da ce, lokacin da ake aiki da ka, ba da ma'auni ba.

"Abdu, ranar Talata na ji injinka ya yi tari," in ji tsohon a hankali. "Me ya ci karo da shi?"

"Baba, in aikin ne kake jin zafin ba a ba ka ba, ka faɗa kawai."

Maganar nan ta yi muni, kuma ta yi aiki. Wasu suka fara gunaguni, ana cewa hassada ba ta kyautu da furfura ba. Liman Alassani mutum ne mai gudun fitina, ya ce a yi haƙuri, gwajin ba farilla ba ne, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ladan ya sa aka ɗauki makara aka kai ɗakin ajiya na bayan masallaci, ya kulle, ya jefa mabuɗi a aljihu. Tsohuwar kuwa aka farfasa ta.

Baba Garuba ya sa takalminsa ya fita. Na san abin ya yi masa ciwo, don yaron da ka koya wa riƙe zarto ne ya kira ka mahassadi a gaban jama'a.

Mako uku babu wanda ya mutu a unguwa. Abdulkuddus ne kaɗai yake ƙirgawa. Ɗakin ajiyar yana da 'yar taga kusa da wurin alwala, in ya sunkuya wanke ƙafa sai ya hango sheƙin makarar a cikin duhun ɗakin. Ya canza wurin alwala.

Sau ɗaya ya je wurin ladan ya ce yana so ya mai da ita shago ya ƙara mata mai. Ladan ya ce wane mai kuma, ai ana ganin fuska a jikinta. Ya ƙara da tambayar ko dai maganar Baba Garuba ce. Abdulkuddus ya ce wace magana, ya juya ya tafi. Daga ranar bai sake tayar da zancen ba.

Gawar farko wata tsohuwa ce da ciwo ya cinye, ba ta da nauyi. Ana idar da salla Abdulkuddus ya kutsa cikin mutane ya kama hannun baya na hagu. Bai kama bakinsa ba kamar yadda kowa ke yi. Ya cusa kafaɗarsa can ciki, ƙarƙashin gadon makarar, yadda nauyin zai sauka a kansa, ba a kan wuyan hannun ba.

Kun san yadda ɗaukar gawa take. Kowa yana son ladan, wannan ya ɗauka taku goma, wancan ya karɓe shi. Sauran hannuwa uku sun canza kafaɗa ba adadi. Na huɗun bai canza ba. Duk wanda ya matso, sai Abdulkuddus ya ce, bari kawai, ɗan'uwa. Haka daga masallaci zuwa mota, haka daga mota zuwa bakin kabari.

Gawa ta biyu, haka. Ta uku, haka. In aka yi sanarwar rasuwa, ko yana tsakiyar aiki zai kashe tur ya fito. Wata rana yana Tokoin wurin kai kaya aka kira shi, ya bar kayan a bakin titi ya hau zemijan, ya riƙa dukan kafaɗar mai babur yana cewa ya ƙara wuta.

Sai mutane suka fara yabonsa. Aka ce ka ga yaron nan, duk dukiyar da Allah ya ba shi, jana'iza ba ta wuce shi. Liman ya kawo shi misali a wa'azi. Abdulkuddus yana zaune a sahu na biyu, kansa a ƙasa, aka ce kunya ce irin ta salihai. Wallahi yabon nan ya fi masa zagi zafi.

Ya rame. Kafaɗarsa ta dama ta yi kanta. In ya ji wani dattijo mai jiki ya kwanta ciwo, sai ya fi iyalan mutumin addu'ar ya tashi. Ya daina iya kallon mai ƙiba ba tare da ya ƙiyasta nauyinsa ba.

A kowace jana'iza akwai wani abu da yake gani ta gefen ido, bai ba shi muhimmanci ba. Baba Garuba kullum yana dab da bayansa, taku ɗaya tsakaninsu. Tsoho mai ciwon gwiwa, amma ba a taɓa barinsa a baya ba. Abdulkuddus ya ɗauka jira yake ya ga ranar da zai ji kunya.

Gawa ta biyar wani mahauci ne, ƙato. An yi ruwa da safe, hanyar cikin maƙabarta duk taɓo. Na gaba ya zame, makara ta karkato baya, wani saurayi ya kai hannu ya cafke bakin hannun hagu don ya taimaka. Abdulkuddus ya ji wata 'yar ƙara a jikin kunnensa, siririya, irin ta tsinken tsintsiya in ya karye. Babu wanda ya ji sai shi.

Da aka sauke gawa ya shafa wurin da babban yatsa. Man sheƙin ya tsage, tsaga kamar silin gashi, ta zagaye rabin wuyan hannun.

A hanyar komawa ya yi wa kansa alkawari, gobe zai je ya gaya wa Liman. Gobe ta yi, ya ce bari Juma'a ta wuce. Juma'a ta wuce, aikin wasu kujeru ya taso. Kun san yadda muke.

Mahaifiyarsa, Hajiya Kulsum, atamfa take sayarwa a kasuwar Adawlato. Mace ce doguwa mai jiki, mai dariya, mai kyauta. Rabin matan Zongo sun taɓa ɗaura zanen da ta ba su. Ita ta kama hannunsa yana ƙarami ta kai shi rumfar Baba Garuba. Ranar wata Laraba tana shago ta ce kanta yana juyawa. Aka kai ta asibiti a Tokoin. Ranar Alhamis, rana ta ɗan ɗaga, Allah ya karɓi abinsa.

Abdulkuddus yana tsaye a barandar asibiti aka gaya masa. Ya yi salati, ya zauna a ƙasa. Kuma Allah ya sani, kafin hawaye ya zo masa, abin da ya fara zuwa masa shi ne hannun baya na hagu. Wannan ya sa ya tsani kansa.

Ya koma unguwa, aka sa jana'iza bayan azahar. Ya ce a ransa zai riƙe, kamar kullum. Yana cikin wannan tunanin Liman Alassani ya dafa shi ya ce, kai ne babban ɗa, in mun isa maƙabarta za ka riga mu gaba, ka shiga kabari ka karɓi mahaifiyarka.

Daga inda mota ke tsayawa zuwa inda aka haƙa kabarin, tafiya ce mai ɗan nisa, cikin taɓo. Ya dubi ƙofar gidansu. Tun kafin a kawo gawa layin ya cika, 'yan kasuwa, maƙwabta, mutanen da bai taɓa gani ba. Kowannensu zai so ya sa kafaɗa ko taku biyu ne saboda Hajiya. Kuma kowannensu bakin hannun zai kama.

Ya ruga shago. Ya buɗe, ya tsaya yana dube-dube. Katako ga shi nan jibge, amma duk an yanka shi gajere-gajere daidai bakin tur. A duk shagon nan babu sanda ɗaya da ta kai tsawon mutum. Ko ya fere sabon hannu ya soka, gam ba zai kama kafin azahar ba. Injin yana nan tsaye, an goge shi tsaf, ba abin da zai iya yi masa.

Sai ya tsallaka titi.

Baba Garuba yana zaune a rumfa, idonsa ja, don shi ma ya ji rasuwar. Abdulkuddus ya durƙusa a cikin dusar katako ya faɗa masa komai, ƙullin, da gam, da tsagar. Tsohon ya saurara har ƙarshe. Bai ce ai na faɗa maka ba. Ya ce ba shi za a gaya wa ba, makarar ta jama'a ce, a gaban jama'a aka karɓe ta.

Harabar masallaci ta riga ta cika. Ladan ya fito da makara zai kai gidan rasuwa. Abdulkuddus ya tare shi, ya juya ya fuskanci mutane.

"Jama'a, makarar nan akwai ha'inci a jikinta, ni na yi shi. Hannun nan a karye yake, na rufe da mai. Riƙon da kuka ga ina yi ba neman lada ba ne, tsoro ne."

Ba su yarda ba. Wani ya ce zafin rashi ne ya taɓa shi, a kai shi inuwa. Wani ya ce makarar da ta ɗauki mahauci lafiya, me zai same ta yau. Liman ya ce lokaci yana tafiya, ya yi haƙuri ya bar ladan ya wuce.

Abdulkuddus ya nufi makarar. Ya cire takalmi, ya cire hula, ya shiga makarar ya kwanta, ya miƙe ƙafafu. Wasu suka ja da baya. Ya ce mutum huɗu su ɗaga shi, kuma kowa ya kama baki, yadda aka saba.

Aka ɗaga shi. Yana kwance yana kallon sama, ga hadari yana haɗuwa ta gabas, ga kawunan mutane ta gefe da gefe. Ya ji yadda makara ke lilo a kafaɗa, abin da mamaci ba ya taɓa ji. Taku biyar, taku goma. Suka iso kwatar da ke bakin ƙofar masallaci, na gaba suka tsallaka, nauyi ya koma baya.

Hannun ya ɓalle.

Makara ta kife ta hagu, Abdulkuddus ya zubo, kafaɗarsa ta daki bakin siminti, rabin jikinsa a cikin ruwan kwata. Wanda ke riƙe da hannun ya tsaya da guntun sanda a kafaɗa, dusar katako tana zuba daga cikinta.

Kowa ya san Hajiya Kulsum ta fi ɗanta nauyi, kuma kowa ya ga abin da zai faru da likkafaninta a cikin taɓon maƙabarta. Abdulkuddus bai tashi ba. A nan cikin kwata kukan mutuwar uwarsa ya zo masa, ya yi shi kamar ƙaramin yaro.

Baba Garuba ne ya kama shi ya tayar. Ya ce wa mutum biyu su shiga rumfarsa, su duba saman rufi, akwai abu a naɗe cikin buhu. Suka fito da sanduna biyu dogaye na tek, kowacce itace ɗaya daga baki zuwa baki, an rage kaurinsu da hannu, babu zobe, babu sheƙi. Har an huda ramukan noti, daidai da faɗin gadon makarar da ya auna da taƙi ranar Juma'ar nan.

Liman ya tambayi tsohon tun yaushe ya yi su. Ya ce tun makon da aka ce masa mahassadi. Ya ce ya san in ya kawo su ba za a karɓa ba, sai ya ajiye, ya riƙa bin gawa.

"Na ɗauka jira kake ka ga na faɗi," in ji Abdulkuddus.

"Kai kana tare hannun, ni ina tare kai. In ya kuɓuce maka, wa zai tara?"

Liman Alassani ya sunkuyar da kai, ya nemi gafarar tsohon a gaban kowa. Baba Garuba ya ce a bar wannan, Hajiya tana jira.

Su biyu suka yi aikin a nan harabar. Abdulkuddus ya yanke sauran hannuwa ukun da zarto, da hannunsa, ya jefar gefe. Suka shimfiɗa dogayen sandunan a ƙarƙashin gadon, tsoho yana riƙewa, shi yana ɗaure noti da kafaɗa mai ciwo. Ana kiran azahar suka gama.

Baba Garuba ya goge hannu a riga, ya shiga makarar zai kwanta, tunda sandunan nasa ne. Abdulkuddus ya riƙe shi. Ya ce shi ya ɗaure notin. Ya sake kwanciya, jiƙe da ruwan kwata, aka ɗaga shi, aka zaga, aka tsallake kwatar sau biyu. Ko motsi ba ta yi ba. Sannan aka wanke ta, aka kai gidan rasuwa.

A maƙabarta ya riga su gaba kamar yadda Liman ya ce. Ya shiga kabarin ya tsaya, ƙasa ta kai masa ƙirji. Daga nan ya hango su tafe, makara a lulluɓe tana bisa kawunan jama'a, ana ta karɓeɓeniya, kowa yana neman wurin sa kafaɗa. Idonsa ya tafi hannun baya na hagu. Wani mutum ne da bai sani ba yake riƙe da shi, a can baki, da hannu ɗaya.

Ya nemi Baba Garuba a kusa da makarar bai gan shi ba. Sai can ya hango shi a ƙarshen ayari, shi kaɗai, yana ɗingisa gwiwarsa a hankali, hannayensa a baya.

Abdulkuddus ya ɗaga hannu biyu ya karɓi mahaifiyarsa.

Darasi: Duk aibin da ka rufe da mai a cikin aikinka, bai tafi ko'ina ba, yana nan yana jiran ranar da naka zai hau kai. Inji yana yin abin da aka sa shi ne, amanar tana wuyan mai kunna shi. Kada ka miƙa wa mutane abin da kai ba za ka yarda ka kwanta a ciki ba, kuma in wanda ya koya maka ya ce ya ji tari a aikinka, ka tsaya ka duba kafin ka kira shi mahassadi. Ku tura wa duk mai sana'ar da kuka sani, kafinta ne, magini ne, ko makanike. Wataƙila akwai mai wata tsaga da yake ta cewa sai gobe.